Tambaya kan Amy Finkelstein da binciken inshorar lafiya na jihar Oregon

Ɗalibar_Tsimi:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin tattalin arziki, kuma malaminmu ya ambaci Amy Finkelstein ta jami'ar MIT da ke Amurka a cikin waɗanda suka sauya yadda ake nazarin inshorar lafiya. Don Allah wace hanya ta bi, kuma wane aiki ne ya fito da ita?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ta kammala digirin farko a Harvard a 1995, a fannin siyasa da mulki, daga baya ta koma tattalin arziki a Oxford, ta kuma sami digirin digirgir a MIT a 2001. A 2012 aka ba ta lambar John Bates Clark, wadda ake ba masanin tattalin arziki a Amurka da bai kai shekara 40 ba.

Aikin da ya ɗaukaka sunanta ya samo asali ne a 2008, lokacin da jihar Oregon ta Amurka ta ga kuɗinta ba zai ishi duk masu buƙata ba: mutum kusan 90,000 suka nemi gurbi wajen 10,000 a shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, sai aka jefa ƙuri'a. Ita da Katherine Baicker, wata masaniyar tattalin arziki, da abokan aikinsu suka lura cewa tunda ƙuri'a ce ta raba jama'ar, ba dukiya ko tsananin ciwo ba, duk bambancin da aka gani daga baya inshorar ce ta haifar da shi.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Malam, bari in ƙara abin da suka gano, domin bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba, masu goyon bayan faɗaɗa inshorar da masu adawa da hakan. Waɗanda suka sami inshorar sun rage faɗawa bashin asibiti, ciwon damuwa ya ragu a cikinsu da kusan kashi 30 cikin ɗari, amma cikin shekara biyu ba a ga sauyi a fili ba a hawan jini ko sukari, zuwa ɗakin gaggawa kuma ya ƙaru da kusan kashi 40, alhali an zaci zai ragu. Ba su ɓoye ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa nake girmama ta.

Batun bashin ya fi taɓa ni. Na sha ganin dattijo ya kwance bakin aljihu a gaban kantin magani, ya ƙirga kuɗin sau biyu, sannan ya ce a ba shi rabin ƙwayoyin.

Ɗalibar_Tsimi:
Na gode, Baba, na gode, Anti. Tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya, zan nemi mai duba aikina ya amince in yi bincikena kan bashin asibiti.