'Yata na son bin makarantarsu zuwa kogon Ogbunike, in bar ta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. A Onica muke zaune. Makarantar su Ilham ta aiko da takarda, wai za a kai su yawon buɗe ido kogon Ogbunike, nan ƙaramar hukumar Oyi, kuma kowa ya zo da kayan canji don za su ratsa ruwa a ciki. Shekararta 13. Tun jiya take bina da takardar da biro har kicin, babanta kuma ya ce wuƙa da nama suna hannuna. Ni dai gabana faɗuwa yake. Ga shi watan Yuni, kullum sama da hadari, ga ta da asma, ko da yake ta daɗe ba ta tashi ba.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na shiga lokacin ina bautar ƙasa a Anambra. Matakala 317 ake sauka, kuma a hawowa ake gane kurensu. Dole a cire takalmi a bakin kogon, al'adar garin ce. Da farko fili ne kamar babban zaure, daga nan ramuka suka rarrabu, wani a duƙe, wani sai da rarrafe, hannu da gwiwa cikin laka. Ruwan da na taka bai wuce ƙauri ba, amma fa da rani ne. Ina ɗaga tocila sai ga jemagu birjik suna reto a sama. A waje ruwan kogon mai ɗumi yana haɗuwa da na kogin Nkisa mai sanyi, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Wallahi yaro ba zai manta ba.

Anti Nas:
Maman Ilham, jemagun nan su ne damuwata. Ƙurar kashinsu da danshi suna tayar da asma. Ki kai ta likita ya duba ƙirjinta tukun. In ya yarda, abin shaƙarta ya kasance a jikinta cikin leda, kada a bar shi a mota. In da ciwo a ƙafarta, kada ta shiga ruwan.

Kawu Ɗanjuma:
'Yata, ni ban yarda da kogo da damina ba. A Yunin 2018 yara 12 da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang a Tailan, ruwa ya rufe musu hanya, sai bayan fiye da mako biyu aka fito da su. Ba girmansu ɗaya da wannan ba, na sani, amma dutse da laka santsi gare su. Ku haɗu da sauran iyaye ku nemi a ɗaga zuwa Disamba.

Maman Biyu:
'Yar uwa, abu ɗaya maza ba za su tuna ba: mace mai al'ada ba a barin ta shiga, dokar wurin ce. Ki faɗa wa malamarsu a asirce, kada a tsayar da yarinya a gaban maza.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Ban sa hannu ba tukun. Gobe zan je wurin shugabar makarantar in ji malamai nawa za su raka su, ko akwai ɗan jagora na garin, da abin da za su yi in aka wayi gari da ruwa. Kawu, na riga na kira iyaye uku kan maganar Disamba, biyu sun amince.