Kamfanin intanet ya toshe ƙofar 25, ko ya bar wa kowa layinsa?

Mai Kafe: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina ɗaya ne. Kamfanin da ke sayar mini da intanet ba shi da hurumin tace abin da ke fita daga layina. Kuɗina na biya. In kwamfutata ta kamu da bairos tana watsa saƙonnin banza, matsalata ce, ni zan gyara abata.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Da matsalarka ce kai kaɗai, da ba mai ɗaga kai ya dube ka. Kwamfutar da ta kamu, mutanen waje take yi wa ɓarna. Tana tura dubban imel ta ƙofa mai lamba 25, wadda sabobin imel, wato kwamfutocin da ke karɓa da isar da imel, ke magana da juna ta cikinta, kai kuwa kana can kana karɓar kuɗin firintin ba ka da labari. Daga nan irin su Spamhaus, masu bibiyar masu watsa saƙon banza, su jefa adireshin layin cikin baƙin jerinsu, a daina karɓar imel daga gare shi. Ga shi a layukan waya mutane da yawa ne ke fita da adireshin IP guda, wato lambar da ake gane layi da ita a intanet. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya, ka yi mana da Hausar da za mu gane. In an toshe ƙofar nan, imel ɗin da nake tura wa masu kawo mini kaya zai tsaya?

Injiniya: Ko kaɗan Hajiya. In ta Gmail kike turawa, ba ki ma bi ta nan ba. Manhajojin imel kuma suna da ƙofar 587, wadda sai an ba da suna da kalmar sirri kafin a wuce. Mutumin gida kusan ba abin da zai kai shi ƙofar 25. Shi ya sa Comcast, mai sayar da intanet a Amurka, ta fara toshe ta ga layukan da ke yawan ambaliyar saƙo tun 2004, sannan a 2005 FTC, hukumar kare masu saye ta Amurka, da takwarorinta na wasu ƙasashe suka roƙi kamfanonin intanet su yi hakan.

Lauya: Da kyau da ka ambaci Comcast. Ita ce dai aka kama a 2007 tana shaƙe layin masu amfani da BitTorrent, hanyar musayar manyan fayiloli, a ɓoye, har FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ta tsawata mata a 2008. Tsorona ke nan. Yau ka ba kamfani izinin toshe bairos, gobe ya toshe abin da ke cin kasuwarsa, jibi gwamnati ta buga waya. Mun ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kamfanonin sadarwa ne aka umarta, su ne suka aiwatar.

Injiniya: Barista, ka gwama abu biyu. Toshe ƙofa ba ya bukatar a karanta saƙon kowa, lambar ƙofar kawai ake dubawa. Buɗe saƙo a leƙa cikinsa kuwa wani abu ne daban, kuma ni ma ban yarda da shi ba. Batun Twitter ma, ai ba su jira an ba su izinin yaƙi da bairos ba kafin su rufe. Ikon yana hannunsu tun da can. Hatta dokar Tarayyar Turai ta 2015, wadda ta hana kamfanoni nuna bambanci tsakanin abin da ke bi ta layinsu, ta bar musu damar ɗaukar mataki don tsaron layin.

Lauya: Ta bar musu, amma da sharaɗi: gwargwadon bukata, kuma na tsawon lokacin da bukatar take. A nan wa zai auna?

Baba Tsohon Ma'aikaci: Yara, ku bari in sa baki. A Agustan 2003 da bairos ɗin Blaster ya ɓarke, sai ka haɗa sabuwar kwamfuta da intanet, kafin ka gama sauko da maganin ta kamu, ta fito da sanarwa tana ƙirga daƙiƙa sittin, ta mutu ta tashi. Ta ƙofar 135 yake shiga. Kamfanoni da dama suka toshe ta, kuma ban ji wanda ya kai ƙara wai an tauye masa haƙƙi ba. Godiya aka yi.

Mai Saba: Baba, da girmanka, ni ina cikin waɗanda abin ke cuta. Ina da sabar imel tawa ta ƙaramin kamfani. Rana ɗaya saƙonni suka daina fita, na yi ta tonon saitina har dare, ashe mai ba ni layi ne ya toshe ƙofar bai ce uffan ba. Kuma toshewar ba ta kashe bairos ɗin, yana nan zaune a kwamfutar yana satar kalmomin sirri. Masu saƙon banza ma da yawansu sun koma amfani da asusun imel na sata da sabobin haya.

Injiniya: Wannan gaskiya ce, ba na ja. A Nuwamban 2016 wani nau'in bairos ɗin Mirai ya durƙusar da rawuta, wato na'urorin raba intanet a gida, kusan 900,000 na kwastomomin kamfanin Deutsche Telekom a Jamus, kuma ta ƙofar 7547 ya biyo, ba ruwansa da imel. Don haka ba na cewa toshe ƙofa ɗaya ya gama magana. Abin da nake cewa, a rufe 25 ga layin gida tun farko, a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a takardar yarjejeniya, wanda ke da saba irinka ya nema a buɗe masa kyauta. In kuma an ga layin mutum yana ɓarna, a fara sanar da shi. Irin wannan sanarwar ce tsarin iCode, ƙa'idar kamfanonin intanet na Ostireliya, ya tanada a 2010.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai da za su tsayar mini da saƙonnin "kin ci kyauta" na waya, da na yafe musu sauran. Na tura STOP zuwa 2442 kamar yadda NCC ta ce, tallan ya ragu, 'yan damfara kuwa ko gezau.

Lauya: Zan sauko rabi. A buga jerin ƙofofin da aka rufe kowa ya gani, kada a leƙa cikin saƙo, kuma kada a yanke layin mutum sai an gargaɗe shi a rubuce. In babu waɗannan, ba ni ciki.

Mai Kafe: Ku kuna ta maganar "a nema a buɗe". A nema a wajen wa? Ni ranar da layina ya ɗauke, sautin kiɗa na yi ta saurare a lambar kula da kwastoma har kwastomomina suka watse. Ku fara samo mini kamfanin da ke ɗaga waya tukuna, sai mu zo kan ƙofar 25.

Injiniya: Alhaji, kafin nan, kwamfutocin kafen naka wace Windows ce a kansu?

Mai Kafe: Windows 7 ce, kuma lafiyarta ƙalau.

Injiniya: Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro tun Janairun 2020. Gobe bayan Azahar ina nan tafe shagon.