Garin bagaruwa a kan raunin akuya: in sa ko kar in sa?

Maman Sa'adatu, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum jama'a. Langa-langa ne ya yanki jar akuyata a cinya, yankan ya kai tsawon yatsa, kuma da zurfi. Surukata ta ce in daka bagaruwa in barbaɗa, haka suke yi a Tibiri tun suna yara. Ɗana kuma ya ce ya karanta an gwada bagaruwa da lalle a kan ɓeraye, rauni ya rufe da wuri. Akuyar nan ciki gare ta, ita ce jarina. Ku ba ni shawara don Allah.

Abdu, ɗalibin jami'a:
Wa alaikumus salam Inna. Ɗanki bai yi ƙarya ba, amma ki ji yadda ake gwajin. Ana shanya ganye ko kwanson a inuwa, a niƙa, a jiƙa cikin alkol ko ruwa, a tace, a ƙafar da shi, sannan a kwaɓa kashi 5 ko 10 cikin 100 da man basilin. Sai a sa wa ɓera maganin barci, a aske bayansa, a yanke ɗan da'irar fata, a riƙa shafawa ana auna faɗin raunin har mako 2 ko 3, ana kwatantawa da waɗanda ba a sa wa komai ba. Raunin nan fa da wuƙa mai tsabta aka yi shi, ba ƙuda, ba kashin garke. Fatar ɓera kuma sako-sako take, janyewa take yi ta haɗe da kanta. Abin da ke aiki a bagaruwa sinadarin tanin ne, yana ɗaure nama.

Malam Idi majemi:
Ɗana, da wannan tanin ɗin muke jima, na san ƙarfinsa a hannuna. Hajiya, in ƙujewa ce ta sama, bagaruwa na busar da ita, ba gardama. Amma rauni mai zurfi in kika cusa gari, baki zai bushe, mugunya ta taru ciki. Kuma ko wa ya ce ki ɗiga nonon tumfafiya, kar ki yarda, ƙona nama yake.

Abdu:
Haka ne Baba. Inna, ki tafasa ruwa da ɗan gishiri, in ya huce ki wanke, ki sa Bétadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta a rauni, ki ɗaure akuyar nesa da ƙuda. Yankan ƙarfe mai zurfi na iya kawo tetanos, cutar sandarewar jiki, likitan dabbobi ya kamata ya gani, ƙila sai an ɗinke.

Maman Sa'adatu:
Allah ya saka muku da alheri. Na wanke yanzu, gobe da sassafe zan kai ta wurin likitan dabbobi. In zai yi mata allura, ba za ta taɓa cikin ba ko?

Abdu:
Ki faɗa masa watannin cikin kafin ya zuƙo allura, shi zai zaɓi wadda ta dace.