Wa ya taɓa sayen hannun jari don kawai ya ga yana tashi?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Malaminmu na tattalin arziki ya ce ba ribar kamfani kaɗai ke ɗaga farashin hannun jari ba, har da zaton masu saye, shi kuma zaton daga abin da suka gani jiya suke ɗauko shi. Ni a takarda kawai na sani, wanda ya ji a jikinsa don Allah ya ba mu labari.

Sabon shiga: Ni ne nan wlh. Na shiga Bitcoin, kuɗin nan na intanet, ƙarshen 2021 yana dab da dala 69,000, ban san komai a kai ba, kullum na buɗe waya sai in ga kore, alamar farashi ya tashi, zuciya ta ce gobe ma haka ne. Shekara na zagayowa ya dawo wajen 16,000 na sayar na ce ba ni ba shi, sai ga shi a 2024 ya wuce inda na saya. Har yau abin na ci min rai.

Dattijo: Yaro ba kanka farau ba. Ni Nasdaq, kasuwar hannun jari ta Amurka, ce ta gasa min aya a hannu, lokacin da duk kamfanin da ya ambaci intanet sai a yi rububinsa ko sisi bai taɓa ci ba. Daga Maris 2000 zuwa Oktoba 2002 kusan kashi 80 cikin ɗari na darajar kasuwar ya zube. To ka san wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, da korona ta kayar da kasuwar Amurka a Maris 2020 ina kallon araha ƙiri-ƙiri hannuna ya ƙi miƙewa, 'ya'yana da ba su ga 2000 ba su suka saya.

Ɗaliba: Mu a aji aka yi mana irin gwajin da masanin tattalin arziki Vernon Smith ya wallafa a 1988. Takarda ce kamar hannun jari, kowa ya san abin da za ta iya biya, ana cinikinta zagaye 15, ƙimarta na raguwa duk zagaye, amma muka dinga ɗaga farashi. Ni kaina na saya sama da ƙima da sanina, don na ga kowa na saye na tabbata wani zai karɓa a hannuna. Dab da ƙarshe kowa na neman kai da ita, babu mai saye. A gwajin Smith ɗin sai da aka yi ta maimaitawa da mutanen da suka riga suka ƙone kafin haukan ya lafa.

Dattijo: 'Yata a aji ne ake maimaitawa da waɗanda suka riga suka yi, a kasuwa kullum da sababbin fuska.

Sabon shiga: Baba da ni kake ko? Na ji dai.