Da me suka tabbatar ba tirela ce ta girgiza na'urar ba?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum malamai. An ce ranar 14 ga Satumba 2015 na'urar LIGO a Amurka ta kama igiyar girabiti (girabiti shi ne ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna) daga karon baƙaƙen ramuka biyu (wurare a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jansu), masu nisan shekarar haske biliyan 1.3, kuma wai motsin da aka auna ko faɗin furoton, ɗan ƙwayar da ke tsakiyar atom, bai kai ba. To a nan Legas, tirela ɗaya in ta bi titin Apapa sai tagogi su yi ta rawa. Yaya ake awon abu ƙanƙani haka a doron ƙasa? Da me suka tabbatar igiyar ce?

Malamin Fizik, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na'urar bututu biyu ce da suka haɗu a kusurwa, kowane tsawon kilomita 4, an zuƙe iskar ciki ƙaf. Ana raba hasken leza gida biyu, kowane rabi ya bi bututunsa, ya yi ta kaiwa da komowa tsakanin madubai kusan sau 300 kafin su dawo su gamu. An saita su yadda in tsawon daidai yake, hasken biyun zai kashe juna, ma'aunin ya ga kusan duhu. Idan igiyar ta ratsa, hannu ɗaya, wato bututu ɗaya, ya miƙe, ɗayan ya tsuke, sai ɗan haske ya zubo. Wannan hasken ake aunawa.

Injiniya Obalende:
Malam ya gama da haske, bari in taɓa girgiza, don nan wahalar take. Kowane madubi kilo 40 ne na tataccen gilashi, kuma ba a ɗaure shi da komai ba. Rataye yake hawa huɗu kamar lilo a ƙarƙashin lilo, hawa na ƙarshe da zaren gilashi mai kaurin milimita 0.4. Lilo ba ya bin motsin da ya fi nasa sauri. Ka kaɗa saman da sauri, ƙasan kusan tsaye zai tsaya. Hawa huɗu suna rage girgizar sau miliyoyi. Sama da su kuma akwai dandamali mai jin motsin ƙasa yana tunkuɗa shi baya nan take.

Duk da haka abubuwa na ɓaci. Girgizar ƙasa a wata nahiya takan kauda madubai daga saitinsu, aiki ya tsaya sai an sake kamo hasken. Saran itatuwa a dazukan Livingston, jihar Louisiana, inda ɗaya daga na'urorin LIGO biyu take, ya dami masu aikin. A Hanford, jihar Washington, inda ɗayar take, har hankaki aka kama suna saran ƙanƙarar da ta daskare a jikin bututun sanyi, saran yana fitowa a ma'auni. Shi ya sa suke da ma'aunan sa ido kusan 200,000: na ƙasa, na sauti, na maganaɗisu, na wutar lantarki. Duk alamar da ɗayansu ya ji tare da babbar na'ura, ana zarginta.

Malama Fizik, Yaba:
Ƙanina, amsar tambayarka ta biyu ita ce na'urorin biyu ne, tsakaninsu kilomita 3,000. Igiyar da saurin haske take tafiya, don haka tazarar isowarta wuraren biyu ba za ta wuce kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Ta 2015 ta fara isa Livingston, bayan kashi 7 ta isa Hanford, da siffa iri ɗaya: kaɗawa 35 a daƙiƙa, ta hau har 250, duk cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Siffar ta dace da lissafin Einstein na ramuka masu nauyin rana 36 da 29. Babu tirelar da za ta yi wannan a jihohi biyu.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne gwajin da suka yi wa kansu. Sun riƙa goce lokacin bayanan ɗaya daga na ɗayar, su ƙirga sau nawa hayaniya kaɗai ke haɗuwa haka. Bai kai sau ɗaya a shekara 200,000 ba.

Ɗan Agege:
Allah ya ƙara basira Malama. Ke nan a Legas ba za a iya gina ta ba?

Injiniya Obalende:
Teku ne babban cikas, ya fi motoci. Igiyar Atlantika tana jijjiga ƙasa dare da rana, kuma ƙasa mai yashi da laka ƙara motsin take yi. Livingston ma tana shan irin wannan daga Tekun Meziko. Japan ta kauce wa hayaniyar doron ƙasa ta haƙa tata, KAGRA, a cikin dutse a Kamioka, hannayenta kilomita 3.