Wace Hausa za mu yi wa "trail running"?

Jama'a, ku taya ni neman kalma, don jiya na kwafsa a gaban mahaifiyata.

Ƙanena da ke karatu a Faransa ya shiga wani tsere a tsaunukan Alps, sama da kilomita 50 a ƙafa, daga Orsières ta ƙasar Suwizalan zuwa garin Chamonix na Faransa. Ya turo hoto, ƙafa duk taɓo, lamba manne a cikinsa. Hajiya ta ce, "Wannan kuma me ya same shi?" Ni da iyayin fassara sai na ce, "Hajiya, gudun dawa ya yi." Ta yi salati, ta ce maza a gaya masa ya dafa ganyen gwaiba ya sha, ya kuma rage cin abincin Turawa. Sai a lokacin na tuna gudun dawa zawo ne. To, wannan kalmar ta faɗi tun kafin a busa usur.

Abin da Turawa ke kira trail, har Faransawa ma haka suka are shi, gudu ne a kan siririyar hanyar da ƙafa ta fitar: cikin duwatsu, kurmi, rairayi, a hau a gangara. Uwar gasannin ita ce UTMB, wato Ultra-Trail du Mont-Blanc, da aka fara a 2003. Ana kewaya tsaunin Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, kusan kilomita 170, in an tara hawan ya kai mita 10,000. Gwanaye kan gama cikin awa 20 ko kusa da haka, Kilian Jornet ɗan ƙasar Sifaniya ya ci sau huɗu. Sauran bayin Allah kuwa an ba su awa 46 da 'yan kai, dare biyu ke nan suna tafe da fitila a goshi.

Mutane da dama sun ce min ai gudun fanfalaki ne, a bar shi haka. Ban yarda ba. Fanfalaki, ko yada ƙanin wani, ya riga ya zauna wa marathon, kilomita 42 a kan kwalta, inda ake lissafin minti da sakan. A nan kuwa ba kowa ke gudu ba a kowane lokaci. In hawa ya yi tsanani har zakaran ma takawa yake yi, hannu a gwiwa ko da sanda biyu, ba mai ce masa ya yi abin kunya. Kuma a UTMB dole ka goyo kayanka: ruwa, rigar ruwa, fitila biyu, usur, waya, da kofinka. Ana bincika jaka. Wanda ya yi wayo ya rage kaya, hukunci ne.

"Gudun daji" fa? A Arewar yau, in ka ce wane ya yi gudun daji, tambayar farko ita ce su waye suka biyo shi. A bar ta.

"Hawan dutse" ya fi dacewa da irin tseren Obudu na jihar Kuros Riba da aka fara a 2005, wanda kusan duk hawa ne. Amma ya za a yi da Marathon des Sables na Maroko, kusan kilomita 250 cikin Sahara, mutum ɗauke da abincinsa na mako guda? Shi ma ɗan gidan ne.

Wani malamina na jami'a ya kawo "tseren burtali". Allah gafarta Malam, kalmar ta yi min daɗi a baki, har akwai tarihi da ke goyon bayanka: gasar Western States ta jihar Kalifoniya a Amurka, mil 100, daga tseren dawaki ta samo asali, a 1974 wani mai suna Gordy Ainsleigh ya bi hanyar dawakin da ƙafarsa. Sai dai burtali hanyar shanu ce tsakanin gonaki, da shinge dama da hagu. Duk wanda ya ji, rikicin manomi da makiyayi zai faɗo masa a rai, ba ƙanena da takalmin gudu ba.

Ni dai "turba" ta fi kwanta min. Mun bar wa 'yan siyasa ita, kullum "turbar dimokuraɗiyya", "turbar ci gaba", har mun manta asalinta hanyar da sawu ya buɗe ce. Ba ta damu da dutse ko rairayi ba. Don haka in mutum ya fita shi kaɗai da safe, gudun turba yake yi. In an yi rajista, an biya kuɗi, an raba lamba, tseren turba ne. Mai yi kuma ɗan tseren turba. Wanda ya zarce tsawon fanfalaki sai a ce tseren turba mai dogon zango.

Zangon nan ma ba sai an ƙago komai ba. Wuraren da ake tsayawa a cika gora, a sha romo mai zafi, likita ya duba ƙafa, me ya raba su da zangon fatake? Kowane babban zango yana da wa'adinsa. In ka iso bayan wa'adi an cire ka, ko da kuwa kana jin ƙarfinka, sai dai mota ta mayar da kai gari. Ƙanena ya ce ya tsallake na ƙarshe da kyar, yana jan ƙafa.

Na koma na gaya wa Hajiya tseren turba ne, lafiyarsa ƙalau. Ta gane nan take, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Abin da ta tambaya shi ne nawa aka ba shi. Na ce ai shi ya biya. Ta yi shiru, can ta ce duk da haka a gaya masa ya sha ganyen gwaibar.

Saura fitilar nan ta goshi. Mafarautanmu sun daɗe suna ɗaura irinta, in akwai wanda ya san sunan da suke kiranta da shi, ya taimaka.