"Isn't it?" a wutsiyar kowace jimla

Malamin Turanci: Wallahi abin ya ishe ni. Yaro na shirin zana WAEC amma kowace jimla sai ya liƙa mata "isn't it?" a wutsiya. "You are coming, isn't it?" Wannan jahilci ne tsagwaronsa. Ka dubi aikatau mai taimako da ke cikin jimlar, ka maimaita shi a juye. Jimla tabbatacciya, wutsiya korarriya: "You are coming, aren't you?" In babu mai taimako, sai "do" ta shigo: "She left, didn't she?" Waƙafi kafin wutsiyar, alamar tambaya a ƙarshe. Ina wahalar?

Hajiya Mai Alli: Malam, jahilci fa ka ce? "Ko" ɗinmu yaron ya ɗauko. "Za ka zo, ko?" "Ta tafi, ko?" Ita "ko" ba ta sauyawa, shi ya sa ya nemo mata tagwai a Turanci.

Ɗan Zazzau: Hajiya, mai duba takarda ba ya ba "ko" maki.

Hajiya Mai Alli: Kuskure na yarda. Jahilci ne ban yarda ba.

Bamaraɗe: Mu da Faransanci "n'est-ce pas" ɗaya muke sawa ko'ina, ba ta sauyawa. Faransawa ma jahilai ne ke nan?

Ɗan Zazzau: Ɗan'uwa, ana maganar Turanci ka kawo mana Faransa. Ku dai ba a raba ku da su.

Bamaraɗe: Ku an raba ku da Ingila?

Ɗan Zazzau: Hajiya, I wonder why are you defending them?

Hajiya Mai Alli: Yallaɓai, kuskure biyu a layi ɗaya. Tambayar da aka cusa cikin wata jimla ba a juya ta, kuma aya ake sa mata: "I wonder why you are defending them." Mu kira shi jahilci?

Ɗan Zazzau: Waya ce ta gyara min.

Bamaraɗe: Malam, "I am late" fa? A ƙa'idarka "amn't I" za a ce, alhali "aren't I" littattafai ke koyarwa. "Let's go" kuma "shall we".

Malamin Turanci: Waɗannan togaciya ne, haddace su ake yi.

Mai kula da zaure: To, a taƙaice kowa ya amince da Malam cewa yaran nan ba sa karatu. Hajiya ta ɗan yi ƙorafi kan kalma ɗaya. Maganar Faransa ba ta cikin maudu'i, na goge sauran. An rufe.